Tabon da Hoto Ke Bari a Allon Talabijin: Nasiha ga Matasan Kwarin Komadugu

Daga cikin lahanin da ke kama akwatin talabijin akwai guda ɗaya wanda ba ya zuwa da ƙara ko hayaƙi, kuma mai akwatin ba ya farga da shi sai bayan ya riga ya zauna daram, wato tabon da hoto ke bari a allo idan ya daɗe a wuri guda ba ya motsi. Masu gyara kan ce allon ya ƙone, duk da cewa babu wata wuta da ta tashi; abin da ido ke gani shi ne inuwar tambarin tasha dishi-dishi a kusurwa, ko sawun ɗan akwatin da ake rubuta sakamakon wasan ƙwallo a ciki, ko wasu layuka biyu a tsaye dama da hagu, waɗanda ba sa gushewa ko an sauya tasha, ko an sa fim, ko an kashe an sake kunnawa. Wannan lahani ya fi shahara ne a kan manyan talabijin masu faɗin allo waɗanda ake haska musu hoto daga baya, irin waɗanda suka yi tashe a Amurka da Turai tsakanin shekarun 1990 da tsakiyar shekarun 2000, amma dalilin da ke haddasa shi yana nan da ransa a cikin na'urorin yau, har da wayar da ke aljihun mai karatu.

Matasan jihar Diffa suna da dalilinsu na kula da wannan batu fiye da yadda ake zato. Tun bayan hare-haren da aka kai Bosso da garin Diffa a watan Fabrairu na 2015, da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya wadda ta hana hawan babur, ta kuma tsayar da kamun kifi da cinikin tattasai na wani lokaci, sana'o'in da samarin kwarin Komadugu suka gada ko suka saba da su sun tsuke ƙwarai. Mutanen Yebi, wadda aka kai wa hari a watan Mayu na 2016, da na Bosso da aka sake aukawa a ranar 3 ga Yuni na shekarar, da yawansu sun bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka kawai, suka zauna a Tumur da wasu matsugunai na bakin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ƙare a Gigimi. A irin wannan hali, ƙananan sana'o'in da ke dogara da lantarki, kamar gidan kallon ƙwallo, da shagon wasan gem, da cajin waya da tura finafinai, sun zama mafita ga samari masu yawa, kuma a cikin kowace daga cikinsu allon nan shi ne jarin da ya fi tsada. Wanda ya tara sefa ko naira kaɗan-kaɗan har ya sayi babbar talabijin bai kamata ya rasa ta saboda rashin sanin abin da ake iya koya a zama ɗaya ba.

Fahimtar tabon tana farawa ne daga fahimtar yadda ake samar da hoton. Tsohuwar talabijin mai tudun baya tana ɗauke da wani tulun gilashi wanda aka zuƙe iskar cikinsa, wanda asalinsa ke komawa ga ƙirƙirar masanin Jamus Karl Ferdinand Braun a 1897. An shafe cikin fuskar tulun da wata hoda da ake kira fosfo, wadda ɗabi'arta ita ce ta yi haske duk lokacin da ƙwayoyin lantarki suka buge ta, sa'annan daga wuyan tulun ake harbo waɗannan ƙwayoyi a siririn zare yana sharar fuskar layi bayan layi da saurin da ido ba ya iya bi. Da yake tulu ɗaya ba ya yiwuwa ya wuce kimanin inci 40 ba tare da nauyinsa ya zarce misali ba, sai masu ƙira suka koma ga wata dabara: suka sanya ƙananan tuluna uku a ƙasan babban akwati, kowanne fuskarsa kimanin inci 7, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, suka ɗora wa kowanne tabarau mai ƙara girma, hasken ukun ya tashi ya bugi wani babban madubi da ke jingine a bayan akwatin, madubin ya dawo da shi kan allon roba da masu kallo ke fuskanta. Ta haka aka sami hoto mai inci 50 ko 60 ko fiye, a zamanin da babu wata hanya mai sauƙin kuɗi ta samun irinsa.

A nan ne kuma raunin wannan dabara yake. Hoton da aka zana a fili mai inci 7 idan za a shimfiɗa shi a kan inci 55 dole haskensa ya rarrabu, don haka ake tilasta wa waɗannan ƙananan tuluna su yi haske mai tsananin da ya ninka na talabijin ta gida sau da yawa, har ya zama sai an zuba wani ruwa mai sanyayawa tsakanin fuskar tulun da tabarau don kada gilashin ya fashe saboda zafi. Ita kuwa hodar fosfo tana tsufa ne gwargwadon yawan bugun da ta sha: kowace sa'a ta aiki tana rage mata kuzari kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Idan dukkan fuskar tulun tana tsufa tare, mai kallo ba zai lura ba, domin hoton zai riƙa dusashewa ne baki ɗaya a hankali cikin shekaru. Matsala tana tasowa idan wani yanki ya riga maƙwabcinsa tsufa. Mai sayar da atamfa a kasuwa ya san wannan sarai, domin turmin da ya daɗe a ninke a bakin rumfa, idan aka warware shi sai a tarar gefen da rana ke duka ya koɗe, sauran kuma yana nan da launinsa, kuma layin da ke tsakani shi ke tona asiri. Haka ma almajiri ya san cewa allon da aka daɗe ana rubuta darasi a kansa, ko an wanke shi fes, sawun tawada yakan rage a jikin itacen. Abin lura a nan shi ne tabon ba ya kan allon robar da ake gani a gaba, yana can ciki a fuskar tulunan, shi ya sa gogewa ko wankewa ko sauya allon gaba ba ya amfana komai.

Dalilin da ya sa masu faɗin allo suka fi shiga wannan haɗari kuwa lissafi ne mai sauƙi. Tsohon tsarin talabijin yana da ma'aunin 4 a faɗi da 3 a tsayi, sabon tsarin da aka ba da shawararsa a Amurka a 1984, wanda daga baya duniya ta karɓa, yana da 16 a faɗi da 9 a tsayi. Idan aka sa shirin da aka ɗauka da tsohon ma'auni a kan sabon allo ba tare da an miƙe shi ba, hoton zai cika kashi 75 cikin 100 na faɗin kawai, ya bar baƙin shafi a dama da wani a hagu, kowannensu kashi 12 da rabi. Wannan baƙin shafi yana nufin hodar da ke wurin tana hutawa alhali ta tsakiya tana aiki, kuma bayan watanni ko shekara, ranar da aka sa hoton da ya cika allo, sai a ga gefuna biyu sun fi tsakiya haske da tsabtar launi, tsakiyar kuma ta yi ɗan duhu ko ta karkata zuwa ruwan ɗorawa. Manyan finafinan silima, irin na Indiya da na Amurka, waɗanda suka fi allon faɗi, suna yin irin wannan ɓarna ta ɗaya ɓangaren, domin suna barin baƙin shafi sama da ƙasa wanda jimlarsa ta kusa rubu'in tsayin allon. Wannan ya shafi ƙasar Hausa da ta Barebari kai tsaye, saboda tarin abubuwan da jama'a ke so, kamar tsofaffin finafinan Kano na zamanin kaset da faifan bidiyo, da tsofaffin karatuttukan tafsiri da ake maimaitawa a watan azumi, da shirye-shiryen Télé Sahel na da, duk an ɗauke su ne da tsohon ma'aunin. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan akwatuna sun san da haka, shi ya sa da yawansu suka mayar da shafukan gefen ruwan toka maimakon baƙi, don gefunan su ma su riƙa tsufa daidai gwargwado, suka kuma sanya maɓallin miƙe hoto ya cika allo, ko da yake miƙewar tana ƙara wa fuskokin mutane faɗi da sulusi guda.

Gidan kallo ya haɗa duk sharuɗɗan da tabo ke buƙata. Talabijin ta iyali da ake kunnawa sa'o'i 3 a rana tana yin sa'o'i 1,095 a shekara, kuma tana yawo tsakanin labarai da fim da wa'azi. Ta gidan kallo da ke aiki sa'o'i 12 a rana tana yin 4,380, kuma mafi yawan lokacin a kan tasha guda take, da tambarin Canal+ ko na wata tashar wasanni a kusurwa ɗaya, da agogon wasa da sakamako a ɗaya kusurwar, fari fat a kan koren fili. Tashoshin labarai suna da doguwar ɗamara a ƙasa wadda rubutu ke gudu a cikinta, kuma ko da yake rubutun yana motsi, ita ɗamarar ba ta motsi. Shagon gem ya fi kowa, domin a wasan ƙwallo na PlayStation akwatin sakamako da 'yar taswirar 'yan wasa da ke ƙasa suna nan daga safe har dare. Ba banza ba kamfanin Nintendo ya daɗe yana buga gargaɗi a takardun na'urorinsa cewa kada a haɗa su da talabijin mai haska hoto. Ga kuma ɗabi'ar tsayar da fim ko wasa a tafi sallah ko cin abinci a bar hoto guda a daskare, ko a bar shafin zaɓen dikoda a kunne har gari ya waye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke yin illa a rana guda, sai dai Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Yanayin ƙasar Manga da bakin tafkin Chadi yana ƙara wa lamarin nauyi ta wata hanyar da ba kowa ke lura da ita ba. Rumfar zana ko ta kwano tana shigar da hasken rana ta ko'ina, kuma hoton da aka haska daga baya ba shi da ƙarfin yin gogayya da rana, don haka abu na farko da mai gidan kallo ke yi idan na baya suka fara ƙorafin ba sa gani shi ne ya ɗauki rimot ya ƙure hasken. Sa'annan ƙurar hunturu, wadda ke tasowa daga arewa maso gabas ta rufe sararin Diffa da Gigimi da Maine Sorowa watanni, tana shiga akwatin ta ramukan iska ta kwanta a kan tabarau uku da madubin, hoton ya dusashe, mai akwatin ya ɗauka tsufa ne ya sake ƙara haske, alhali abin da ake buƙata shi ne a buɗe a share gilasan da tattausan ƙyalle. Daga nan zafin watannin Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, ya tarar da ramukan iskar sun toshe. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana tura mai akwatin ga matakin da ke gaggauta tabon, kuma maganin ukun bai kai kuɗin kallon wasa ɗaya na cikakken gida ba: a duhunta rumfar da buhuna ko labule ta gefen da rana ke shigowa, a rufe akwatin da zane idan an kashe ya huce, a bar tazara tsakaninsa da bango.

Su waɗannan manyan akwatuna zamaninsu ya wuce a ƙasashen da aka ƙera su. A farkon shekarun 2000 an fara maye gurbin tulunan uku da fitila guda mai ƙarfi wadda ke haska wani ɗan guntu, ko dai na ruwan kiristal ko kuma irin wanda Larry Hornbeck ya ƙirƙira a kamfanin Texas Instruments a 1987, mai ɗauke da dubban ɗaruruwan ƙananan madubai masu juyawa, wanda aka sani da DLP. Wannan na ƙarshe ba ya yin tabo, domin madubi ba ya koɗewa don ya mayar da haske, amma fitilarsa tana mutuwa bayan 'yan dubban sa'o'i, tana da tsada, kuma tana buƙatar fanka ta ci gaba da hura mata iska na ɗan lokaci bayan an kashe, abin da ɗaukewar wutar kamfanin NIGELEC ko mutuwar janareto ba sa bari. Kamfanin Sony ya sanar da barin wannan fanni a ƙarshen 2007, Mitsubishi wanda ya rage shi kaɗai ya rufe nasa a ƙarshen 2012. Abin da ya saura shi ne kayan gwanjo da ke sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, su bi ta kasuwanni irin su Alaba su hauro arewa, kuma saurayin da ya ci karo da irin wannan akwati a farashi mai sauƙi ya tuna cewa araha ba ta ado: kayan gyaransa sun yanke, kuma wutar da yake ja ta ninka ta talabijin ɗin zamani mai girmansa, wanda babban al'amari ne ga mai dogara da sola da batir.

Akwai wani ruɗani na suna da ya kamata a warware, domin a kansa mutane da yawa ke yin asara ko su tsorata a banza. A bakin jama'a, a Nijar da Najeriya, duk talabijin mai shafaffen jiki da ake ratayewa a bango sunanta filasma, alhali iri uku ne mabambanta. Filasma ta gaskiya, wadda aka fara ƙirƙira a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1964, tana da miliyoyin ƙananan ɗakuna masu iskar gas, kowanne an shafe shi da hodar fosfo ɗin nan, don haka tana yin tabo kamar yadda tulu ke yi. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta zuwa ƙarshen 2014, ma'ana duk tasu da ke kasuwa yau ta haura shekara goma. Ana gane ta da nauyi, da fuskar gilashi mai ƙarfi, da zafin da ke tashi daga gabanta. An riƙa yi wa na ƙarshen-ƙarshenta alkawarin sa'o'i 60,000 zuwa 100,000 kafin haskenta ya ragu da rabi, amma wannan lissafi ne na tsufa bai ɗaya, kuma ido yana iya kama ɗan ƙaramin bambanci tsakanin yankuna biyu masu maƙwabtaka tun kafin a je ko'ina kusa da wancan adadi. Iri na biyu shi ne LCD, wanda ake sayarwa da sunan LED, kuma shi ne mafi yawan abin da ke shagunan Diffa da Damagaram da Maiduguri: fitilu ne a baya suna haske bai ɗaya, ruwan kiristal a gaba yana buɗewa da rufewa kamar taga. Wannan da wuya ya yi tabo na dindindin, shi ya sa ya fi dacewa da gidan kallo da shagon gem, kuma nasa ciwon daban ne, wato mutuwar fitilun baya saboda zafi idan an ƙure su, inda ake ganin allon ya yi duhu a wani yanki ko ya koma shuɗi-shuɗi.

Iri na uku shi ne OLED, wanda ya samo asali daga binciken Ching Tang da Steven Van Slyke a kamfanin Kodak a 1987, kuma LG ya fito da babbar talabijin ɗinsa mai inci 55 a 2013. A nan kowane ɗigo na hoton shi ke samar da haskensa da kansa, baƙi ya zama baƙi wuluk, launi ya fito da kyan da babu kamarsa, amma tsohuwar ƙa'ida ta dawo: ɗigon da ya fi aiki ya fi saurin tsufa, kuma launukan ba sa tsufa tare. Irin wannan talabijin ba ta yawaita a kwarin Komadugu saboda tsada, sai dai allon nata ya shigo ta wata ƙofar, domin wayoyin Samsung da yawa, da wasu iPhone tun daga 2017, da wasu samfuran Tecno da Infinix da ake tallatawa da sunan AMOLED, duk irinsa ne. Saurayin da ke barin wayarsa a ƙurarren haske a tsakar rana yana bin TikTok sa'o'i, ko mai shagon tura kuɗi da ke barin shafi guda a buɗe wuni, zai iya wayar gari ya ga inuwar alamomin gefe ko ta madannan rubutu ta zauna a allon, kuma kuɗin sauya irin wannan allo yakan kai wani babban kaso na kuɗin wayar.

Rigakafin bai da wahala, kuma mafi girmansa guda ne: rage ƙarfin haske. Talabijin takan fito daga kamfani a saitin da aka yi don ta ɗauki ido a cikin shago, wanda a jerin zaɓi na Faransanci ake rubuta wa Dynamique; ya kamata a mayar da ita kan Standard ko Cinéma, sa'annan a sauko da ma'aunin da aka rubuta wa Contraste, domin a kan tulu da filasma shi ne ke iko da ƙarfin fari, kuma fari shi ke cin hodar. Ido zai ga kamar hoton ya yi sanyi a rana ta farko, bayan kwana biyu ya saba, har ya fara ganin bayanan da ƙurarren haske ke shafewa. Bayan wannan sai hana hoto daskarewa: a kashe allon lokacin sallah maimakon a tsayar da fim, a sauya tasha tsakanin wasa da wasa, a miƙe ko a ɗan zuƙo tsohon fim ya cika allo idan kallon zai yi tsawo, a kunna zaɓin da ke gusar da hoto kaɗan-kaɗan idan akwatin yana da shi. A waya kuwa, a bar ta ta daidaita haskenta da kanta, a gajarta lokacin da allo ke mutuwa zuwa rabin minti ko minti ɗaya, a zaɓi baƙin shafi maimakon fari.

Ga wanda Allah ya hore wa talabijin OLED akwai wani sharaɗi na musamman da yanayin wutarmu ke karyawa. Waɗannan akwatuna suna da wani aiki da suke yi a ɓoye bayan an kashe su da rimot, inda suke auna tsufan ɗigogin su daidaita su. A samfuran LG yana gudana ne na 'yan mintuna bayan kowace tarin sa'o'i 4 na kallo, da wani mai tsawo bayan an daɗe ana amfani da ita. Wanda ya saba zare filogi ko kashe janareto nan take da ƙarewar wasa yana hana wannan aiki, don haka ya dace a kashe da rimot, a jira kamar minti goma, kafin a yanke wutar.

Wajen saye ne ake yin babbar asara ko a tsira daga gare ta, kuma ba a cinikin biri a sama. Mai sayar da gwanjo yakan kunna akwatin a kan hoto mai yawan launi da motsi, irin na waƙa ko na daji, wanda ke ɓoye kowane tabo. Mai saye ya zo da kebul ko ƙaramin ma'ajin hotuna ɗauke da shafuka biyar marasa zane, fari da ruwan toka da ja da kore da shuɗi, ya sa kowanne ya cika allo, ya ja da baya ya duba kusurwoyi huɗu da ƙasa da kuma wuraren da layukan gefe kan fito. Ruwan toka ya fi sauran tona asiri, launuka ukun kuma suna nuna wane ne ya gaji. A kan akwati mai tuluna uku, shuɗin shafin da ke fitowa idan babu tasha tulu ɗaya kawai yake gwadawa, don haka bai isa hujja ba. Wayar gwanjo ma haka ake gwada ta, a inuwa, da hasken a tsakiya. Ya kamata kuma a sani cewa takardar garanti ta mafi yawan kamfanoni ba ta ɗaukar nauyin wannan tabo, domin suna lissafa shi cikin sakacin mai amfani.

Wajibi ne a bambanta tabo na dindindin da inuwa mai wucewa. Filasma da LCD da OLED duk sukan riƙe sawun hoto na ɗan lokaci bayan ya daɗe, kuma wannan yakan tafi da kansa idan aka sa hoto mai motsi na sa'a ɗaya ko aka kashe akwatin ya kwana. Wanda ya kwana biyu ko uku bai gushe ba, wannan hodar ce ko ɗigon ya tsufa, kuma babu manhaja ko bidiyo mai walƙiyar launuka da ke mayar da tsoho yaro. Iyakar abin da irin waɗannan ke yi, idan sun yi wani abu, shi ne su gajiyar da sauran allon har ya kusanci wurin da ya lalace. Saurayin da ya koyi gyara, amanarsa ita ce ya faɗa wa mai kaya wannan gaskiyar maimakon ya karɓi kuɗin aikin da ya san ba zai yiwu ba. Haka wanda zai sayar da akwatinsa mai tabo: shari'a ta wajabta bayyana aibin kaya, kuma a gari irin Diffa ko Bosso, inda mai saye ɗan unguwa ne ko ɗan'uwan aboki, ribar ɓoyewa ba ta kai kwanakin da tabon zai ɗauka kafin ya bayyana a wasan farko da aka kalla ba.

Idan kuwa tsohon akwati mai haska hoto ya mutu murus har aka yanke shawarar farke shi don jan ƙarfe da lasifikoki, akwai haɗurran da mai koyon gyara ya kamata ya sani kafin ya ɗauki sukurdireba. Tulunan suna aiki da ƙarfin lantarki da ya kai kimanin bolt 30,000, kuma suna iya riƙe caji bayan an zare filogi, don haka ba a taɓa jar wayar da ke manne da su sai wanda ya iya sauke cajin ya sauke. Gilashinsu yana da dalma, kuma yana tarwatsewa idan ya fashe saboda babu iska a ciki. Ruwan sanyayawar nan guba ne mai ɗan zaƙi, ba a zubar da shi inda yara ko awaki ko kaji za su kai baki, balle kusa da rijiya ko bakin kogi. Fitilar samfuran DLP tana ɗauke da zaiba. Shi kuma allon gaban, ɗaya daga cikin fallayensa tabarau ne shimfiɗaɗɗe mai zobba-zobba, irin wanda Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙira wajen 1822 don fitilun jagorar jiragen ruwa, kuma aikinsa shi ne tattara haske wuri guda. Idan aka jingine shi a tsakar gida da rana, yana iya tara hasken a ɗigo ɗaya mai zafin da ke kunna itace cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya kuma makantar da idon da ya kalle shi. A unguwannin da ɗakunansu na zana da tamfol ne, manne da juna, da iskar bazara tana kaɗawa, irin wannan falle ana naɗe shi ne cikin buhu ko bargo a ajiye a ɗaki mai duhu, nesa da hannun yara.